Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Sharhi Kan Zancen Cewa 'Yan Gudun Hijira Sun Karya Kuɗin Aiki



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a unguwar nan. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a teburin mai shayi, har a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Wai 'yan gudun hijira ne suka karya kuɗin aiki a Maiduguri. Wai katin abincin da ƙungiyoyin agaji ke ba su ya koya musu zaman banza. Wai da za a yanke tallafin nan gaba ɗaya, kowa ya koma garinsu, da 'ya'yanmu sun samu aiki mai daraja. Matasa na faɗa, dattawa na gyaɗa kai. Tunda maganar ta shafi abincin mutane da mutuncinsu, ya kamata mu ɗora ta a sikeli kamar yadda muke auna kaya a kasuwa, mu ga nawa ne hatsi a cikinta, nawa ne tsakuwa.

Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi, maganar tana cin karo da kanta. An ce mutanen nan malalata ne, suna kwance suna jiran kati. An kuma ce su ne suka kwashe aikin gini da dako da garuwa da wankau, har ɗan unguwa ya rasa inda zai sa hannu. To wanne za mu ɗauka? Wanda ya riga ka isa wajen kwaɓa siminti da asuba ai ba za ka kira shi malalaci ba.

Sai dai a ba gaskiya haƙƙinta, domin ƙorafin matasanmu yana da tushe. Tun da rikici ya ɓarke a garin nan a watan Yulin 2009 aiki ya fara ƙaranci. A 2011 aka hana acaɓa, sana'ar da ke riƙe da gidaje masu yawa ta mutu a rana ɗaya. Sannan a 2014 Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama ta bi a Satumba, aka shiga Baga a Janairun 2015. Jama'ar Dikwa da Gamborun Ngala da Marte da ƙauyukan bakin Tafkin Chadi suka kwararo cikin Maiduguri da kayan jikinsu kawai. An buɗe sansanoni a Bakasi da Dalori da Teachers Village da hanyar Gubio da Muna, amma mafi yawan mutanen a cikin unguwanni suka zauna, a kangaye da zaurukan dangi da ɗakunan haya. Mu da ke kusa da hanyar Bama mun gani da idonmu. Manomi da masunci da makiyayi duk suka koma leburori dare ɗaya. Idan mutum goma suka tsaya a gaban aikin mutum biyu, dole farashi ya faɗi, ko tumatir ne ya yi yawa a kasuwa haka yake yi. Kuɗin haya kuma ya haura, musamman da ƙungiyoyin agaji suka shigo suna kama gidaje da tsada. Saurayin da ya ce an matse shi bai yi ƙarya ba.

Haka kuma ba a ce harkar tallafi tsarkakakkiya ce ba. A 2017 fadar shugaban ƙasa da bakinta ta amsa cewa kusan rabin motocin abincin da ake turowa arewa maso gabas ba sa isa hannun waɗanda aka turo dominsu. Kowa ya ga buhunan agaji a kasuwa. Amma a tambayi kai: mai karkatar da tirela guda ta shinkafa, bazawara ce daga Bama mai marayu biyar?

Inda maganar ta kauce hanya shi ne wajen nuna wanda ya ci ribar faɗuwar kuɗin aikin. Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce, misali, aikin yini a wajen gini ya cancanci naira 4,000, domin da ita ne magidanci zai sayi mudu da cefane ya biya kuɗin keke. Sai ga mutumin da matarsa ke da kati, an ba su dawa da wake da mai na wata. Shi abin da yake nema kuɗin itace da sabulu da magani, don haka idan aka yi masa tayin 2,000 zai karɓa. To ina sauran 2,000 ɗin ta tafi? Ba ta shiga aljihun leburan ba. Ba ta koma wa ƙungiyar da ta ba da abincin ba. Tana aljihun mai ginin ko ɗan kwangila. Wato abincin da aka bayar da sunan ɗan gudun hijira ya zagaya ya zama rangwame ga mai ɗaukar aiki. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku dubi ɗinkin hula. Matan Bama sun shigo garin nan da sana'ar a hannunsu, kuma ita ce ta rufa wa da yawansu asiri a sansani. Mace za ta zauna makonni a kan hula ɗaya, allura da zare, har idonta ya fara gani dishi-dishi. Dillali ya zo ya karɓa, a kai wa masu wanki, daga nan sai Kano da Abuja, a sayar da tsada ga masu zuwa ɗaurin aure. Idan ka raba ladan ɗinkin da kwanakin da ta yi, abin da ya fito ba zai ciyar da yaro ɗaya ba. Me ya sa ta yarda? Saboda tuwon gidan daga kati yake fitowa, kuma ta san idan ta ƙi, maƙwabciyarta za ta karɓa. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafin sarai, kuma galibin masu zagin tallafi a majalisa ba su taɓa ƙin sayen hula da araha ba.

Ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, a shekarar 1795, lokacin da burodi ya yi tsada, alƙalan yankin da suka taru a wani gari mai suna Speenhamland suka tsara cewa duk ma'aikacin gona da ladansa bai isa ciyar da iyalinsa ba, za a cika masa daga asusun talakawa, gwargwadon farashin burodi da yawan 'ya'yansa. Tsarin ya bazu a kudancin ƙasar. Masu sukarsa suka riƙa cewa manyan manoma sun samu kafar biyan ƙaramin lada, tunda sun san asusun jama'a zai cike giɓin. A 1834 aka soke shi, aka koma tura matalauta gidajen aikin wahala. Abin lura a nan, da aka tashi gyara, talakan aka hukunta, mai gonar kuwa ba wanda ya ce ya ƙara ko sisi.

Yanzu mu zo ga shawarar da masu maganar ke bayarwa, wato a yanke tallafi a mayar da kowa gida. Ai an riga an gwada, a gabanmu. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar cewa za a rufe sansanonin cikin Maiduguri zuwa ƙarshen 2021. An rufe Bakasi a ƙarshen watan Nuwamban shekarar. A Disamba gwamnatin jiha ta hana ƙungiyoyi raba abinci a garuruwan da aka sake tsugunar da mutane, bisa hujjar a koya wa jama'a dogaro da kai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta lissafa cewa daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 an fitar da mutum sama da 140,000 daga sansanoni 8 a Maiduguri. Niyyar gwamna abar fahimta ce, babu mai son ɗan Adam ya tsufa a tanti, kuma an gina gidaje a wasu garuruwan an ba da kuɗin sallama. Amma wanda gonarsa ke bayan ramin tsaro, inda fita ke iya zama ajali, ko dai ya ƙi tafiya ko ya je ya dawo. Da yawa cikin unguwanni suka sake shigowa, wannan karon babu kati.

Sai kuma 2025 ta zo da nata. Gwamnatin Donald Trump ta rufe hukumar USAID, wadda ke cikin manyan masu zuba kuɗin agaji a yankin nan. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta yi shelar cewa kuɗinta sun ƙare, kuma tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na gab da tsayawa. To jama'a, tallafi ya ragu ƙwarai. Kuɗin aiki ya gyaru? Ku je inda leburori ke taruwa da safe da shebur da diga ku ƙirga kawuna. Mutumin da a da yake karɓar rabin lada don yana da abinci a gida, yau yana karɓar rabin ladan don ba shi da komai, kuma ya fito da ɗansa mai shekara goma sha biyu ya sa shi a layi. Mai yunwa ba ya ciniki. Wasu sun shiga daji neman itace da gawayi da tsofaffin ƙarafa, nawa ne ba su dawo ba? Har sai da gwamnati ta hana sana'ar jari-bola a 2023 saboda yawan kashe masu yin ta.

A daidai wannan lokacin kuma kuɗin kansa ya lalace. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ko da mai gida ya ƙara wa yaronsa ɗari biyar, mudu ya riga ya tsere masa. Wannan ba ɗan Gwoza ne ya jawo ba. Wutar da ta cinye Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairun 2023, ta bar dubban yaran shago da 'yan dako a tsaye, ita ma ba ɗan Dikwa ne ya kunna ta ba.

Wani zai ce ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi. Akwai. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan naira 30,000 a 2019, Shugaba Tinubu ya mayar da ita 70,000 a Yulin 2024. Idan ka raba 70,000 da kwana 30, naira 2,300 da 'yan kai ce a rana. Amma dokar da kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho, ta cire aikin gona na kaka. A faɗa mini, shago nawa ne a Galtimari ke da ma'aikata 25? Yaron shago, 'yar aiki, mai gadi, malamar Islamiyya, direban keke mai kawo balas, duk suna wajen inuwar dokar. Ba mai tsayar musu da lada sai mai gida da tsoron Allahn da ke zuciyarsa. Wannan ya nuna alƙalamin yana hannunmu, ya ku Alhazai, ba a Abuja yake ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa Bahaushen Maiduguri ya yi kaffa-kaffa da kalmar "baƙo". Iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Haɗeja da Katsina da Sakkwato da Damagaram suka zo, wasu da fatauci, wasu da allo, wasu a hanyar Makka suka yada zango. Ƙasar Shehu ta karɓe su. Har gobe 'yan'uwanmu na zuwa ci-rani. Ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago a Koshebe, washegari aka sallaci gawa 43 a Zabarmari, kuma rahotanni sun ce da yawansu 'yan ƙodago ne daga jihar Sakkwato. Me ya kawo mutum tafiyar kusan kilomita 1,000 ya shiga gonar da kowa ya san akwai hatsari? Abin da ke sa ɗan Bama karɓar rabin lada, shi ne ya kawo su.

Tarihi ma ya ishe mu wa'azi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka watse zangon Hausawa da dama, mutane suka bar gidaje da rumfuna. Hujjar ita ce baƙi sun cinye aiki da kasuwa. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka, aka kori baƙi kimanin miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, kafin shekarar ta fita soja sun karɓi mulki. A nan Maiduguri, a farkon 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan an iya kiran irinsa baƙo, wane ne ni, wane ne kai? Waɗannan da muke zargi kuwa 'yan Borno ne, Kanuri da Shuwa da mutanen tsaunin Gwoza da Hausawan bakin tafki, a jiharsu suke.

Kuma ba mu manta da daren 10 ga Satumban 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Fori da Galtimari da Gwange da sauran unguwanni, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Sansanin Bakasi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi, masu gidan kansu suka kwana a ciki, suka bi layin dafaffen abinci. Ko akwai wanda ya zama malalaci saboda ya karɓi buhun shinkafa a watan nan? Da ruwa ya janye kowa ya koma nemansa, saboda yana da shago ko sana'ar da zai koma. Bambancinmu da su ke nan. Mu makonni muka yi, su sun haura shekara goma, gonarsu kuma har yau tana hannun 'yan bindiga.

Ta fuskar addini hukuncin a bayyane yake. Malaman fiƙihu suna maganar ujratul misli, wato ladan da aka saba biyan irin wannan aikin a irin wannan wurin, kuma sun yi gargaɗi a kan cin moriyar wanda larura ta matsa. Suratul Muɗaffifina ta sauka ne a kan masu tauye mudu, kuma malamai sun faɗaɗa ma'anarta zuwa duk mai karɓar nasa cif-cif ya ba da na wani a tauye. Wanda ya karɓi yini cikakke ya biya rabin yini ya duba kansa a wannan madubin. Sannan akwai wata al'ada da ta yi yawa, mutum ya riƙe yaro shekara guda a kan abin da bai taka kara ya karya ba, idan azumi ya zo ya ba shi zakka da turmin atamfa ya kai wa uwarsa, ya ɗauka ya yi alheri. Zakka haƙƙin Allah ce, lada kuma bashi ne a wuyanka, ba a biyan bashi da zakka. Ku tuna kuma da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, ɗan gudun hijira ne ya isa Madina hannu wofi. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mutanen Madina ba su tare masa hanya ba, ba su kuma sayi guminsa da rabin kuɗi ba, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

To mene ne abin yi? Abin da zai ɗaga ladan ɗan unguwa shi ne a daina samun wanda za a biya ƙasa da shi. Muddin akwai mai rabin farashi, mai gini zai tsallake ɗanka ya ɗauke shi. Don haka maslahar ɗan Galtimari da ta ɗan Bama ɗaya ce, kuma faɗan da suke yi da juna mai ɗaukar aiki kaɗai yake amfana. Ina ba da shawara Bulama da dattawan unguwa da limamai da shugabannin birkiloli da 'yan dako su zauna su tsayar da mafi ƙarancin ladan yini a unguwar nan, a ɗaure shi da farashin mudun masara ko gero yadda zai riƙa tafiya da kasuwa, a sanar a masallatai. Aiki iri ɗaya, lada iri ɗaya, ba tambayar garin mutum ko yana da kati. A yi ciniki kafin a fara, a biya ran da aka gama. Yaron shago a yanka masa wa'adi da abin da za a sallame shi da shi, a gaban shaidu, a rubuce. Masu harkar hula su ƙirga kwanakin ɗinki kafin su yi tayi, matan kuma a taimaka musu su haɗa kai su riƙa sayen zare da yadi da kansu, su sayar a dunƙule.

Ga hukuma da ƙungiyoyi kuwa, roƙonmu kada a janye abinci kafin a buɗe gona. Ranar da manomin Marte ko masuncin Baga ya tabbata zai fita ya dawo lafiya, ba sai an kore shi daga Maiduguri ba, da ƙafarsa zai tafi, domin ba wanda ya fi son ɗaukar bulo a kan noman gonar ubansa. Kafin wannan ranar, abin da ya rage na tallafi a haɗa shi da jari da kayan sana'a, a kuma sa matasan unguwannin da suka karɓi baƙin a cikin lissafi, tunda tare aka sha wahalar.

Matasanmu, fushinku yana da dalili, amma ku duba da kyau inda kuke nufa da shi. Mu kuma masu shaguna da gine-gine, kowa ya koma gida yau ya lissafa abin da yake biyan na ƙasa da shi, ya raba da kwana talatin, ya tambayi kansa ko zai yarda a biya ɗansa haka a Legas ko Fatakwal.

Allah ya zaunar da Borno lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, ya tsare mu da cin gumin wani.